Ranar Da Na Ɓoye Takalman Gwaggo

Kakata, uwar babanmu, ta yi shekara biyar a gidanmu na Abakpa kafin ta rasu. Huɗu daga ciki ba ta san inda take ba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne. Dangi suka ce gigin tsufa ne kawai, duk wanda ya daɗe a duniya sai ya taɓa. Daga gidajensu suke faɗin haka. Mama ce ke wanke zanin gado.

Mama suruka ce a wurin Kaka, ba 'yarta ba. 'Ya'yan Kaka huɗu ne a raye. Biyu suna nesa. Baba yana aikin ofis a Zariya, sai Jumma'a da yamma yake dawowa. Babbarsu, Gwaggo, tana nan Kurmin Mashi, tafiyar da ba ta kai minti ashirin a keke ba. Amma a wurinmu uwa gidan ɗanta namiji take zama, wato a hannun matarsa. Mama ta ajiye aikinta na koyarwa a firamare bayan ranar da aka tsinci Kaka a bakin titin Unguwar Shanu, ƙafa ba takalmi, tana tambayar masu sayar da lemo hanyar rafin garinmu. Babu wanda ya ce wa Mama ta ajiye aikin. Babu kuma wanda ya ce kada ta ajiye.

Ni a lokacin ina aji biyu a jami'a, daga gida nake zuwa. Ba ni da magana. In baƙi suka shigo sai in durƙusa in gaishe su, in kawo ruwa, in koma ɗaki wurin littattafaina. Gwaggo ta sa mini suna Farfesa, ba don yabo ba. Da likita ya ce a riƙa rubuta lokacin magani da abin da Kaka ta ci, ni na karɓi aikin. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na ja masa layuka da rula: rana, lokaci, abin da aka ba ta, ko ta cinye ko ta rage.

Saboda haka na san abin da nake faɗi in na ce Kaka tana cin abinci. Kunun gyaɗa ƙarfe bakwai. Gwate da rana. Tuwon acca da yamma, an yi shi da taushi saboda haƙoranta. Tsakani ga ayaba, ga dankali. Tana cinyewa tas, ta lashe yatsu, ta sa albarka. Bayan kamar kwata na awa sai ta ɗago kai ta tambaya ko yau ba za a ɗora tukunya a gidan nan ba. Duk da cin, rama take yi, domin wuni take tana zagaya tsakar gida tana neman ƙofar da za ta kai ta gona.

Ranar Lahadi ce ranar dubiya. Ana tashi daga sujada sai dangi su biyo ta gidanmu da kayan cocinsu. Mama ta daina zuwa sujada, ba mai tsaron Kaka. Tun ƙarfe goma take fara shiri. Ta yi mata wanka, wanda wani lokaci sai da yaƙushi da zagi. Ta shafa mata man kaɗanya, ta ɗaura mata zaninta mai kyau da ɗankwali. Ta wanke ɗakin da ruwan sabulu har sau biyu, ta sa turaren wuta. Ta naɗe ledar da ake shimfiɗa wa katifa ta tura bayan ƙofa, ta kai fo bayan gida ta kife. Kafin ƙarfe ɗaya Kaka na zaune a falo tsaf, kamar matar fasto mai jiran a ɗauke ta hoto.

Kaka kuwa ba ta manta gaisuwa ba. Ta manta sunan ɗanta, ta manta mijinta ya mutu, amma da baƙo ya shigo sai ka ji: "Maraba, maraba. Yaya gida? Yaya yaran? Yaya aiki? To, madalla." Babu tuntuɓe ko ɗaya. In aka ɗauko waƙar coci ta bi ta har baiti na ƙarshe ba littafi. Baƙi su dubi juna su ce, "Kai, ai tsohuwa garau take."

Sai su juya ga Mama. "Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, mun gode wa Ubangiji."

Kullum haka. Ranar da Kaka ta cije ta a hannu har da jini, da sauƙi. Ranar da aka wanke zanin gado uku kafin azahar, da sauƙi. Haka ake amsawa, na sani. Haka aka koya mini ni ma. Amma ina tsaye da tire a hannu ina jin haushi, domin duk wanda ya yi tambayar ya san amsar da za a ba shi tun kafin ya buɗe baki, kuma don haka ne yake tambaya da kwanciyar hankali. Su ci abincin da Mama ta dafa musu, su yi addu'a, su ce kada a gajiyar da mara lafiya, su tafi. Rabin awa. Na sha duba agogo.

Abin ya faru ne wata Lahadi cikin damina. Gwaggo na zaune kusa da Kaka, da kawunmu ɗaya da matarsa. Mama ta shigo da kwanukan abincin baƙi. Kaka ta kamo hannun Gwaggo ta jawo ta, ta yi magana da irin raɗar da duk ɗaki ke ji.

"Yunwa nake ji. Matar nan ba ta ba ni abinci. Yau kwana biyu."

Ko awa ɗaya ba a yi ba da ta cinye kwanon gwate. Ni na rubuta, sha biyu da minti ashirin.

Na dubi Mama ina jira ta yi magana. Magana ɗaya ce: yanzu ta ci, mantawa take yi. Amma suruka ba ta ƙaryata uwar mijinta a gaban 'ya'yanta. Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "Bari in kawo miki, Iya." Ta koma kicin ta zubo wani kwanon. Kaka ta karɓa da hannu biyu ta cinye, har tana suɗe gefen kwano.

Gwaggo ta dubi kwanon, ta dubi wuyan Kaka da ya rame, ta dubi Mama daga sama har ƙasa. Da za ta fita ta ce, "To matarmu, sai an jima. A dai riƙa jin tsoron Allah."

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai ko'ina. Ta kai wurin kawunnanmu na nesa, ta kai garinmu. A coci wata mata da ta saba jan kumatuna ta amsa gaisuwata tana kallon wani wuri. Ranar Jumma'a Baba ya dawo, ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya ce da Mama a hankali, ba tare da ya dube ta ba, "Wai Iya tana ci kuwa yadda ya kamata?"

Shekara ashirin da huɗu suna tare. Mama ta ɗauke kwanon gabansa ta fita. Na same ta a bakin famfo tana wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Aka sa ranar taron dangi, Asabar ta ƙarshen wata, a gidan Gwaggo. Dattawa biyu za su zo daga gida. Za a zaunar da Mama a tsakiya a tambaye ta ko tana hana uwar mijinta abinci. Na san yadda irin taron nan yake ƙarewa. Ko an ce a yi haƙuri, ko an yi addu'a an watse, sunan ya riga ya zauna. Har ta mutu za a riƙa nuna ta da baki a wurin biki: ga wadda ta bar surukarta da yunwa.

Na ce wa Mama, "Ki gaya musu gaskiya mana. Ki nuna musu ledar gado. Ki nuna musu hannunki."

"In tona wa tsohuwa asiri? Allah ya san ina ba ta."

"Allah ba ya cikin waɗanda aka gayyata taron."

"Ke! Ki iya bakinki."

Na iya bakina, na ɗauki littafin na tafi Kurmin Mashi bayan darasi. Tun a keke nake maimaita abin da zan faɗa. Da na isa duk ya gudu. Na durƙusa na miƙa wa Gwaggo littafin kawai. Ta buɗe shafi biyu da bakin yatsa, ta rufe.

"Farfesa, rubutunki da kyau. Amma uwarki ce, me za ki rubuta in ba abin da ta ce ba? Ni da kunnena na ji uwata tana kukan yunwa. Tashi ki je, ki gaida gida."

Na dawo da ƙafa, don kada mai keke ya ga ina kuka.

Lahadin da ta rage kafin taron, Gwaggo ta zo ita kaɗai, da leshinta na coci ruwan goro da babbar kula a hannu. Ta cire takalmanta a bakin ƙofar falo. Ba ta jira an kawo mata ruwa ba ta buɗe kular: tuwon acca, miyar karkashi, kaza.

"Yau da hannuna zan ba uwata abinci," in ji ta, da murya yadda maƙwabta za su ji. "Matarmu, ki huta."

Mama ta ce, "To, Anti. An gode."

Gwaggo ta wanke hannu ta zauna a kan tabarma gaban Kaka. Loma bayan loma, tana yi tana lallashi. "Ci, Iya. Ci, uwata. Wayyo, dubi yadda take karɓa." Kaka ta cinye malmala biyu da cinyar kaza, ko da yake ta sha kununta da safe, ta ci dankali ƙarfe sha ɗaya. Gwaggo ta ɗauki hoton kwanon da ba komai a ciki ta tura wa 'yan uwa ta waya. Sannan ta fara haɗa kularta.

Na duba agogon bango. Ɗaya da rabi saura kaɗan. Na san abu biyu. Na san Kaka za ta manta da tuwon nan kafin biyu saura kwata. Na kuma san matan zumunta na cocinmu sun aiko cewa za su zo dubiya ƙarfe biyu. Gwaggo kuwa ba ta taɓa kaiwa lokacin da mantuwar ke dawowa ba. Ba ta taɓa zama ta kai ba, ko sau ɗaya cikin shekara uku.

Ba zan iya ce mata ta zauna ba. Ni wace ce? Na ɗauki kwanon wanke hannu na fita zubarwa. Takalmanta na nan a bakin ƙofa, masu ruwan ƙasa da ɗan ƙarfe mai ƙyalli a sama, an ajiye su a jere. Na zubar da ruwan. Na sunkuya na ɗauke su, na zagaya ta baya na shiga ɗakina, na tura su ƙasan jakar makaranta na danne da littattafai.

"Ina takalmana?"

Aka fara nema. Bayan ƙofa, ƙarƙashin kujeru, bakin famfo. Gwaggo ta ce ko kare ne, Mama ta ce ba mu da kare. Sai Mama ta ce a hankali, "Wataƙila Iya ce. Takan ajiye abubuwa." Ta shiga ɗakin Kaka ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo tana laluben ƙarƙashin gado. Ta fito da cokula uku, da sabulu, da murfin tukunya, da rabin biredi da ya bushe. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa tana kallon tarkacen. Ni ma ina tsaye. Na bar uwata a durƙushe, na bar laifi a kan tsohuwar da ba ta tashi daga kujera ba. Ban manta da wannan ba, kuma ba na ba kaina uzuri.

Mama ta ɗauko nata takalman na fita ta ce Anti ta sa ta mayar daga baya. Da aka ciro su daga kwali sai fatar ta ɓare a hannunta kamar ɓawon albasa, don daɗewar da suka yi ba a sa ba. Ta kawo silifas na banɗaki.

"Ni? Da leshi? In ratsa Abakpa da silifas mai kala biyu? A dai ƙara dubawa."

Ana cikin dubawa matan zumunta suka yi sallama. Su shida ne, da zannuwansu iri ɗaya, shugabarsu a gaba. Dole Gwaggo ta koma ta zauna, kular a kan cinyarta. Kaka ta yi musu gaisuwarta cikakkiya. Suka yi waƙa biyu, ta bi su. Shugabar ta juya ga Mama.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, mun gode wa Ubangiji."

Sai Kaka ta miƙa hannu ta kamo zanin shugabar.

"'Yata, ki taimake ni don Allah. Yunwa. Tun shekaranjiya ban sa komai a bakina ba."

Idanun matan shida duk suka koma kan Mama. Sun ji labarin, na gani a fuskokinsu. Amma Kaka ba Mama take kallo ba. Kular take kallo. Ta ɗaga yatsa ta nuna Gwaggo.

"Waccan matar. Ta zo da abinci ta zauna a gabana ta cinye. Ko loma ba ta ba ni ba. Ku duba, ga kwanon a hannunta."

"Iya!" Gwaggo ta miƙe, kular ta faɗi. "Iya, ni ce fa! Yanzu-yanzu na ba ki da hannuna! Ga miyar nan a bakin zaninki!"

"Ban san ki ba. Wa ya bar ki kika shigo?" Kaka ta waiwaya tana neman Mama. "Baiwar Allah, zo ki fitar mini da ita. Ke ce mai tausayi a gidan nan."

Mama ta je ta durƙusa ta riƙe mata hannu tana shafawa. "Yi haƙuri, Iya. Yanzu za a kawo."

Wata tsohuwa cikin matan ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Haka uwar mijina ta yi mini. Shekara shida." Ba ta ƙara ba. Ban taɓa jin ta faɗa ba sai ranar, kuma tun ina yarinya na san ta.

Gwaggo ta zauna ta rufe fuska da gyale tana kuka. Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Uwarta ce ta ce ba ta san ta ba. Da ta tsaya a nan, da wataƙila na mayar da takalman bakin ƙofa a ɓoye, maganar ta mutu. Amma ta share ido ta dubi Mama ta ce:

"Matarmu, ashe abin ya kai haka kika yi shiru? Kullum aka tambaye ki sai ki ce da sauƙi. To ta yaya mutum zai sani?"

Ban san lokacin da na shiga ɗaki na fito ba. Na ajiye takalman a tsakiyar falo, a gaban kowa.

"Ni na ɓoye su," na ce. "Ba Kaka ba ce. Minti arba'in kika ƙara a kan yadda kika saba, Gwaggo, ga shi kina kuka. Mama shekara uku ke nan. Ta yaya mutum zai sani? Ya zauna. Kurmin Mashi ba Legas ba ce."

"Ke!" in ji Mama. "Shiga ɗaki."

"Ki nuna musu hannunki, Mama."

"Na ce ki shiga ɗaki!"

Na shiga. Ta taga na ga Gwaggo ta sa takalmanta ta fita ba rakiya, ta manta kular.

Kwana biyu Mama ba ta yi mini magana ba. A rana ta uku muna shanya ta ce, ba ta dube ni ba, "Kin mai da kakarki abin kallo a gaban baƙi. Kin sa babbar mace kuka. Haka na koya miki?"

"Sunanki fa?"

Ta matse zanin gado ta yarfa shi ta rataya. "Miƙo mini wancan."

Ba a yi taron ba. Saƙo kawai ya zo wa Baba cewa an ɗage, kuma ba a sake sa rana ba. Matan zumunta shida sun isa su kai labari inda littafina bai kai ba. Matar da ta daina amsa gaisuwata ta dawo tana jan kumatuna. Baba ya sayo wa Mama atamfa ya ajiye a kan gado bai ce komai ba. Babu wanda ya zo ya ce mata, mun zarge ki a kan ƙarya, ki yafe mana. Ko mutum ɗaya. Na jira, na daɗe ina jira.

Gwaggo ta zo sau ɗaya ta zauna da Kaka don Mama ta je sujada. Mama ta ari takalmana, sun ɗan matse ta. Da muka dawo muka tarar da Gwaggo a tsaye a bakin get da jakarta a kafaɗa. Ta ce Iya ta ɓata jikinta tun ɗazu, ta bar ta sai Mama ta zo, tunda ita ta san yadda ake yi. Mama ta cire ɗankwalin coci ta ɗora ruwa. Daga ranar sai Gwaggo ta koma aiko da kula.

A wurin jana'izar Kaka, Gwaggo ce ta yi magana a madadin iyali. Ta gode wa Ubangiji da ya ba su ƙarfin yin jinyar uwarsu shekara biyar ba gajiyawa. Jama'a suka ce amin. Mama ba ta ji ba, tana bayan gida wurin tukwane tana zuba wa baƙi shinkafa.

Gwaggo takan zo gidanmu har yanzu, lokacin Kirsimeti ko in wani ya haihu. Takan ce, "Farfesa, an gama bokon?" In ce an gama. Sai ta sunkuya ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta ɗauke su, ta shiga falo da su a hannu.